Neman shawara: ƙarin fitila a Hilux don hanyar daji, wacce zan saya kuma ya ake jona ta?

Baban Hanifa, Tumfure

Assalamu alaikum jama'a, an wuni lafiya, ya sanyi ya hazo. Don Allah masu aikin wutar mota da direbobin da suka saba shiga daji nake neman shawararsu.

Ina da Hilux ta 2012 mai shan fetur, injin 2.7, da ita nake sayen wake da riɗi a ƙauyukan bayan Dukku da wajen Nafada, kuma duk wanda ya san harkar ya san ba ka barin kasuwar ƙauye sai an gama awo an ɗinke buhu an yi lodi, lokacin kuwa magariba ta wuce, wani sa'in har isha'i. Daga nan kafin ka hau kwalta burji ne da yashi da kwazazzabai, ga shanu ga amalanke ga masu babur da ko jar wutar baya ba su da ita. Fitilun da motar ta zo da su wallahi ba sa isata, ko na saka ful layit ɗan siririn haske ne a gaba, gefe da gefe duhu, kwana kuwa sai na shige ta nake ganin abin da ke cikinta.

Na leƙa wajen masu kayan mota an nuna min iri-iri. Akwai doguwar LED ɗin nan da ake ɗorawa a saman mota, an rubuta wat 300 a kwalinta, akwai manya masu zagaye guda biyu, akwai kuma ƙanana masu kusurwa huɗu, farare da rawaya. Mai shagon ya ce doguwar zan ɗauka wai tana maida dare rana, kuma yaronsa zai jona min ita a wayar fitilar gaba yanzu-yanzu. Wannan jonin ne hankalina bai kwanta da shi ba.

To wacce ta dace da irin hanyata, a ina ya fi kyau a ɗaura ta, kuma batir da altaneta za su ɗauka? Sannan ya maganar jami'an hanya idan na shigo gari da ita? Allah ya saka da alheri.

Usman Rewaya, Bolari

Wa alaikumus salam Alhaji. Gara da ka tsaya ka yi tambaya, don jonin da yaron zai yi maka shi ne yake kawo mana motoci da makunnin fitila a narke, wata ma wayarin ɗin ƙarƙashin sitiyari gaba ɗaya ya soye.

Amma kafin a zo maganar saye, fara duba fitilun motar na asali. Mota ta 2012 da ta sha ranar Gombe, robar fuskar fitilarta ta yi rawaya ta dushe, wannan kaɗai yana cinye haske sosai, a goge ta da man gogewa ko a canza. Sannan a sa mita a auna wutar da take isa ƙwan lokacin da inji ke aiki. A kan batir za ka ga bolt 13.5 zuwa 14 da ɗoriya, idan a bakin ƙwan ka ga ta faɗo 12 ko ƙasa, to wutar tana zubewa a hanya, ko soket ya yi tsatsa ko at ɗin, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ya saki, kuma ƙwan halojin da zarar wuta ta ɗan ragu haskensa faɗuwa yake yi sosai. Ƙwan motarka H4 ne mai wat 60/55, ka nemi na gaske, Osram ko Philips, a saita su a jikin bango. Mutane da yawa daga nan suke cewa ashe motar tana gani.

Yanzu maganar ƙari. Wat 300 ɗin da ka gani a kwali kada ka ɗauke shi da gaske. Lissafin mai sauƙi ne, wat a raba da bolt shi ke ba ka amfiya, wato da gaske wat 300 ce da sai ta ja amfiya 25 a bolt 12. Ka ce wa mai shagon a jona ta a batir a sa mita a gabanka, yawancin na kasuwa ko rabin haka ba sa ja. Ba wai hakan ya sa ba ta da amfani ba, a'a, so nake ka san abin da kake biya wa kuɗi kuma ka san girman waya da fiyus ɗin da za a sa. Ka ɗaga ta a hannu, mai kyau tana da nauyi don bayanta alminiyam ne mai haƙarƙari da ke fitar da zafi, LED zafi ne ke kashe ta kuma ka san yadda muke a watan Maris da Afrilu. Ka duba an rubuta IP67 ko IP68, IP67 ma'anarsa ƙura ba ta shiga kuma tana jure nutsewa a ruwa mita 1 na minti 30, ko da yake jabu ma suna rubutawa, don haka ka duba robar da ta zagaye gilashin da inda waya ta fito, idan ka ga kafa to damina ɗaya za ta yi gumi a ciki.

Haɗin kuwa ga yadda yake, kuma ko ba ni zan yi maka ba ka tsaya a kan mai yin ya yi haka. Wutar fitilar daga kan batir take tasowa kai tsaye, ba daga wata wayar mota ba. Fiyus a kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya daga kansa, don aikin fiyus kare waya ne, idan ka kai shi can nesa duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaro, ranar da ta goge a jikin ƙarfe wuta ce. Daga fiyus sai rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunna shi ya saki babbar wuta, mai ƙafa huɗu na amfiya 40. In ka juya shi za ka ga lambobi, 30 ita ke karɓar wuta daga batir, 87 ita ke kai wa fitila, 85 da 86 su ne na kunna rilen kansa kuma wuta kaɗan suke ja, su ne ke zuwa makunnin da ke gabanka. Ka ga ke nan babbar wuta ba ta shiga cikin mota sam. Idan fitilun amfiya 10 suke ja a sa fiyus na 15 da waya mai kaurin 2.5mm², idan sun kai 20 a sa waya mai 4mm² da fiyus na 25. Kuma don Allah a kankare wayar a gani, akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, da ka kankare sai ka ga fari, wannan tana zafi tana karyewa, araha ba ta ado. Inda waya za ta huda ta shiga cikin mota a bi ta cikin robar da kamfani ya sa, ba a huda ƙarfe a zura ta tsirara ba, kuma haɗi a matse shi da kan waya ko a sa dalma, ba a murɗa da hannu a naɗe da baƙin salatif ba, gargadar hanyar Nafada sati biyu za ta kwance shi.

Batir da altaneta kada su dame ka, amfiya 10 zuwa 15 ba komai ba ne a wajen Hilux matuƙar inji na aiki kuma altanetar lafiyarta lau.

Kawu Direba, Bajoga

Usman ya gama maganar waya, Allah ya yi albarka, ba ni da abin ƙarawa a nan. Ni maganar saman mota zan yi maka ɗana, don mun daɗe muna bin waɗannan hanyoyin tun ana yi da Land Rover.

Kada ka ɗora doguwar nan a rufin mota. Masu ɗorawa a can sun gani ne a bidiyon Ostareliya da Amurka, amma kai ka tuna wata nawa muke yi cikin hazo, daga Nuwamba har Fabrairu wani lokacin har Maris, kuma ko babu hazo da zarar wata mota ko garken shanu ya riga ka shiga burji ƙura ce za ta tsaya a iska. Fitilar da ke saman kanka haskenta ta gaban idonka yake wucewa, duk ƙurar da ke tsakaninka da hanya sai ta kama haske ta dawo maka da shi, ka ga fari fat kamar an shanya maka farin zane a gilashi, ramin da kake gudu ba za ka gan shi ba. Ga bonet, in motarka fara ce kamar yawancin Hilux ɗinmu, shi ma ya dinga walƙiya yana dukan ido. Sannan hasken da ya zo daga sama yana shafe inuwa, alhali da inuwa direba ke gane zurfin rami da tudun yashi. Fitilar da ke ƙasa ita ke fito maka da su.

Kuma ka tambayi kanka gudun nawa kake yi a can da lodin wake. Ba ka wuce 30 ko 40. Mai gudun 40 mita 11 yake ci a daƙiƙa ɗaya, to me zai yi da fitilar da ke haska rabin kilomita? Kai da bakinka ka ce gefe da kwana ne matsalarka. Abin da kake buƙata haske mai faɗi ne ba mai nisa ba. Saniya ba daga nesa take fitowa ba, daga bayan sabara take faɗo maka, musamman wajen Wawa-Zange inda makiyaya suke da yawa, ga jakuna da in haske ya doke su sai su ƙame a tsakiyar hanya.

Ni abin da zan ce, ƙananan rawayan nan guda biyu masu baza haske, a ɗaura su ƙasa a bamba, ɗaya ta ɗan karkata dama ɗaya hagu. Wasu na cewa rawaya tana huda ƙura, ni ban ce tana hudawa ba, abin da na sani ba ta gajiyar da ido kamar farar nan mai shuɗi-shuɗi da ake rubuta wa 6000K ko 6500K, ma'aunin launin haske ke nan, rawayan 3000K ce. In kana da sauran kuɗi ka ƙara gajeriya ɗaya mai inci 20 ko 22 a kan ƙarfen gaba, irin mai haɗe da na nesa a tsakiya da na faɗi a gefe, don daren da iska take garau. Amma a lura kada a toshe wa lagireto iska, motar da ke jan lodi a yashi da giya ta ƙasa tana buƙatar duk iskar da za ta samu.

Maɗaurin kuma a kai wa mai walda ya yi da ƙarfe mai kauri, noti a sa mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa. Ɗan ƙarfen nan da ake maƙalawa a bayan lambar mota rawa yake yi, hasken ya dinga karkarwa har kanka ya yi ciwo, kuma in ya rufe lamba ka ba jami'ai dalilin tsayar da kai.

Ummu Khalifa, Kumo

Ku yi haƙuri in sa baki duk da ban san waya ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ina yawan dawowa daga Gombe zuwa Kumo da dare a ƙaramar mota, kuma wallahi fitilun nan sun zama mana bala'i a hanyar. Mutum ya taho da babbar mota ya kunna farar wutar nan a kan kwalta, ka ba shi dim ya ƙi kashewa, na wasu daƙiƙoƙi ba ka ganin komai, ba ka san ko akwai mai keke ko mai tafiya a ƙasa a gefenka ba, ga tirelolin hanyar Yola ba damar ka kauce yadda kake so. Masu babur ma sun fi mu shan wuya, su ba gilashi ba komai, da yawa sauka suke yi daga titi gaba ɗaya. A wajen aiki muna karɓar waɗanda in ka tambaye su yadda aka yi sai su ce haske ne ya kashe musu ido.

Baban Hanifa ban ce kada ka sa ba, hanyar da kake bi ta cancanta kuma neman halak kake yi. Roƙona kawai, da ka hau kwalta ka kashe, in ka hango fitilar wani ko da ta babur ce a cikin daji ka kashe, in za ka ratsa ƙauye mutane na zaune a ƙofar gida ka kashe. Haƙƙin mutane ne. Malam Usman, babu yadda za a haɗa ta ne ta dinga mutuwa da kanta in mutum ya yi dim? Don wani ba mugunta ba ce, kafin ya lalubo makunnin a duhu an riga an wuce.

Baban Hanifa, Tumfure

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kawu na fasa ta saman, maganar ƙurar nan haka take, ko da fitilun yanzu in na biyo bayan wata mota sai na koma dim nake ganin hanya. Hajiya in sha Allahu za a kiyaye, nima ana yi min a hanyar Dukku na san zafinsa.

Malam Usman tambayar Hajiya nima ita zan yi. Sannan ina son ƙaramar fitila a baya saboda lodi, yanzu da tocilan waya yara suke ƙirga buhu, ita ma sai an sa mata rile? Kuma ya ake saita su kada su kalli sama?

Usman Rewaya, Bolari

Hajiya akwai, kuma haka ya kamata a yi wa kowace fitila mai nisa. Wutar da ke kunna rilen sai a ɗauko ta daga wayar ful layit ta bi ta makunni tukun. Ka ga sai abu biyu sun haɗu za ta kama, makunni a kunne kuma mota a ful layit, da direba ya taɓa dim ta mutu tare da shi ba sai ya lalubi komai ba, in ya shigo gari kuma ya kashe makunnin gaba ɗaya. Wannan ba jonin yaron shago ba ne, wutar da rile ke ja ba ta kai ko rabin amfiya ba, wayar fitilar ba za ta san an taɓa ta ba.

Sai dai a nan ne wanda bai saba da Toyota ba yake rikicewa. Da yawa daga cikinsu, har da Hilux irin taka Alhaji, makunnin fitila at yake yankewa ba wuta ba, wato wutar tana zaune a ƙwan, ɓangaren at ne ake buɗewa ana rufewa. Wanda ya haɗa yadda ya saba a wata mota sai ka ga fitilar ta kama a dim ta mutu a ful, ko ta ƙi mutuwa sam. Maganinsa a sa fitilar gwaji a soket ɗin H4 a gano ƙafa biyun da ke kunna ful layit, a kai 85 da 86 kansu, ba a kai ɗaya jikin mota ba. Ka tambayi duk wanda zai yi maka aikin wannan maganar, in ka ga yana kame-kame ka ɗauki motarka.

Rawayan da Kawu ya ce, su a ba su rilensu da makunninsu daban, don a hazo da dim za ka so su, amma wutar kunna rilen a ɗauko ta daga ƙananan fitilun fakin yadda in ka kashe fitilun mota su ma sun mutu.

Ta baya ƙarama mai wat 18 ko 27 ta isa, amfiya biyu da ɗan ɗoriya ne ko ƙasa, makunni mai kyau da fiyus na 5 sun ɗauke ta ba dole sai rile ba. A ɗaura ta a ƙarfen bayan gidan direba tana kallon cikin bodi, makunnin ya zama mai ɗan haske a jikinsa don kada ka manta ka hau titi da farar wuta a bayanka tana kashe idon na biye da kai. In lodin zai ɗau lokaci ka dinga tada inji, batirin da ya kwana biyu ba a yarda da shi a ƙauyen da babu mai ba ka jon.

Saiti kuma ga abin da ya shafe ka kai musamman. Motarka in babu kaya bayanta a ɗage yake, in aka ɗora buhuna sai bayan ya zauna gaban ya ɗaga, duk fitilar da aka saita a gareji da mota wayam sai ta koma haska rassan bishiya da idon mutane, har na asalin ma. Tunda da dare da lodi kake tafiya, da lodin za a saita. Ka samu fili shimfiɗaɗɗe, mota ta fuskanci bango da tazarar mita 7 zuwa 8, ka auna tsayin kowace fitila daga ƙasa ka yi alama da alli a bangon. Tsakiyar hasken mai nisa ya tsaya daidai alamar ko ɗan ƙasa kaɗan, na rawayan kuwa saman haskensu ya zauna ƙasa da alamarsu da kamar faɗin tafin hannu. A ɗaure, ka je ka dawo, a sake duba notin.

Wani abu da ban faɗa ba ɗazu, kafin ka biya ka kunna rediyon motar a jona fitilar. Masu arahar suna sa rediyo shuuu, in kai mai jin labaran dare ne a hanya za ta hana ka.

Kawu Direba, Bajoga

Maganar jami'ai da ka tambaya ba wanda ya amsa. Fitilar daji ba ta kan titin gwamnati ba ce, masu kiyaye haɗurra da 'yan VIO suna da hurumin tsayar da kai a kanta in ka kunna wa mutane. Ka sa a ɗinka mata murfi na leda mai kauri ko ka sayi mai zuwa da murfinta, kana hawa kwalta ka tsaya ka rufe, yana kuma kare gilashin daga tsakuwar da tirelolin siminti na Ashaka ke watsowa. In ka doso shingen jami'an tsaro da dare ka kashe duk wani ƙari tun daga nesa, ka koma dim, ka kunna fitilar cikin mota su ga fuskarka. Sannan in kana kwana da motar a waje ka ce mai walda ya ɗiga wa kan notin wuta kaɗan, don sifana ɗaya ake kwance su da ita.